Ranar da Iri Ya Ƙone

Ranar Talata ce, cikin bazara, a shekara ta biyu ta fari. Shekarar nan da aka canja mana kuɗi daga fam zuwa naira. Ƙauyenmu yana bayan Kwandiko, gidajensa ba su da yawa. Na tashi da kiran asuba. Na share tsakar gida, na hura wuta. Na ɗora tukunya, na zuba busasshen ganyen yaɗiya, na barbaɗa dusa cikin tafin hannu guda. Abin da za mu ci ke nan har wayewar wani garin.

Gari shiru. Da can a irin wannan lokaci kowane gida daka ake yi, taɓarya tana amsa wa taɓarya. Wata uku ke nan ban ji ƙarar turmi ba. Zakara ma babu. An cinye su tun farkon rani.

Mu shida ne a gidan. Ni Kulu, da maigidana Idi da nake ce wa Malam, da mahaifiyarsa Inna, da yara uku. Babbar ana ce mata Ladi, shekararta tara. Jummai huɗu. Sale yana goye, watansa bakwai, yana tsotson nonon da babu komai a cikinsa.

Inna ta fito tana laluben bango. Dundumi ya kama ta a ranin nan, ba ta gani sai rana ta ɗaga sosai. Na zaunar da ita. Na koma na ɗauko Jummai na ajiye ta a kusa da ita.

Jummai ta daina wasa tun wata biyu. Gashinta ya yi ja ya kwanta, in na shafa sai ya biyo hannuna. Kumatunta sun cika. Ƙafafunta sun kumbura. Baƙo zai ce ta fi kowa ƙoshi a gidan. Na danna bayan ƙafarta da babban yatsa, na ɗaga. Ramin ya zauna, bai ciko ba. Haka na ga ƙafafun 'ya'yan yayana Garba guda biyu kafin a binne su cikin mako ɗaya.

A tsakar gidanmu kuwa akwai rumbu cike da gero. Ba namu ba ne. Da damina ta sake gazawa, mai unguwa ya tara magidanta. Kowane gida ya kawo zangarniyar da ya ware don iri. Aka zuba a rumbunmu, don shi ne mai kaurin laka, gara ba ta shigarsa. Aka liƙe bakinsa, liman ya yi addu'a. Malam ya karɓi amana a gaban kowa. Ba za a buɗe ba sai ruwan shuka ya sauka.

Sau uku ina roƙonsa.

"Zangarniya ɗaya, Malam. Dubi ƙafar Jummai."

"In na buɗe wa tawa, me zan ce wa Garba?"

Ranar Juma'ar da ta gabata ya tafi masallaci a Kwandiko. Na jingina tsani. Na ɗaga jinka, na fasa lakar da bakin fartanya. Na zaro zangarniya biyar. Na kwaɓa sabuwar laka na mayar na liƙe. Na murje geron da hannu, na niƙa shi a dutse cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Na dama kunu. Jummai ta sha ludayi biyu. Ladi ta lashe ƙwarya. Ana cikin haka maƙwabciyata Hanne ta yi sallama, ta zo ɗiban wuta. Ta tsaya a tsakar gida tana jan numfashi. Wanda ya yi wata uku bai ga gero ba, daga bayan danga yake jin ƙamshinsa. Ta ɗauki garwashinta ta fita. Ita ma ɗanta ƙafarsa ta kumbura.

Kwana huɗu ke nan. Ban faɗa wa Malam ba.

Da hantsi, inuwar rumbu ba ta gama janyewa daga bakin ɗakina ba, na fara jin su. Na zaci shanu ne. Sai na tuna babu shanu. Takun ƙafafu ne masu yawa, babu magana a ciki. Malam yana gyaran ƙotar gatari. Ya ajiye ta.

Aka daki ƙyauren zaure. Sau uku.

"Idi! Fito!"

"A buɗe rumbu!"

"Ana cin irin jama'a!"

Ba su jira ya fita ba. Danga ta kwanta gaba ɗayanta. Ba mutanenmu kaɗai ba ne. Akwai fuskokin da ban taɓa gani ba, daga ƙauyukan da ke kewaye. Maza da buhuna, mata da ƙwaruruwa. Wasu da goyo. Ba su yi kama da masu faɗa ba. Wuyansu duk ya yi tsawo, riguna suna lilo a jikinsu. Wani dattijo yana zuwa sai ya zauna a ƙasa, tafiyar ta gama da shi.

Malam ya ɗaga hannu. Ya ce su tsaya, zai nuna musu. Ya ɗauko tsani ya hau. Ya ture jinka gefe. Ya sa hannu a kan liƙin. Daga ƙasa ina ganinsa. Tsohuwar laka fara ce, ta bushe tun kaka. Tawa ja ce. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sunkuyo ya dube ni. Ni kaɗai, a cikin mutanen nan duka.

Ya miƙe tsaye a kan rumbu.

"Babu mai buɗewa sai mai unguwa ya zo!"

"Ƙarya ne! Sauko!"

Wani saurayi ya kama tsani. Baƙo ne, dogo, da gatari a hannu. Ya hau mataki huɗu, biyar. Malam ya ce ya koma. Bai koma ba. Malam ya sa ƙafa ya tokare kan tsanin. Tsani ya zame. Saurayin ya faɗo ta baya, ƙeyarsa ta sami bakin turmi. Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an fasa kabewa.

Aka yi tsit. Na ji tukunyata tana tafasa.

Wata mace ta kurma ihu.

"Ya kashe shi!"

Duwatsu suka tashi. Na farko ya wuce. Na biyu ya sami rumbu. Na uku ya sami Malam a saman kunnen hagu. Ya sulalo ta jikin rumbu ya faɗi. Na danne Jummai da ƙirjina. Ladi tana kiran babanta. Inna tana tambaya, "Mene ne? Ku faɗa min mene ne?"

Ban ga wanda ya sa wuta ba. Wasu sun ce murhuna aka ture a cikin turereniya. Zana ta kama. Daga zana ta kama jinkar rumbu. A lokacin wasu sun riga sun fasa bakin rumbun da taɓarya. Jinkar ta rufta ciki da wutarta. Gero ya fara fashewa, tas, tas, tas, ba ƙaƙƙautawa. Ƙamshi ya cika gari.

Ƙamshin nan ne ya cece mu. Kowa ya manta da Malam. Suka yi kan wuta. Suna saran cikin rumbu da gatari, suna jan zangarniya da hannu tana ci. Na ga Hanne a durƙushe tana cika ƙwarya, bakin zanenta yana hayaƙi.

Wani ya fizgi hannuna. Yaya Garba ne. Da buhu a kafaɗarsa. Tare da su ya zo.

"Ɗebi yara! Ta baya! Kada ku bi hanyar Gwaram!"

Ya yar da buhun, ya shiga hayaƙi, ya jawo Malam. Ya tsayar da shi. Jini ya rufe masa rabin fuska. Na kama hannun Inna. Ta ƙwace.

"Ku tafi. Ina zan kai ku da ƙafafun nan?"

"Ku bar min ita!" in ji Yaya. "Gudu!"

Muka fita ta inda ake zubar da toka. Sale a baya, Jummai a kafaɗa. Ladi tana jan babanta. Ko buta ba mu ɗauka ba. Ko takalmi.

Gonaki fayau. Babu kara, babu ciyawa, babu abin da zai ɓoye mutum. Muka yi yamma. Ƙasa tana ƙuna. Ina taku goma sai idona ya yi duhu, in tsaya, in ci gaba. Jummai ba ta da tsoka, amma kumburin ya sa ta yi nauyi. Kanta yana bugun wuyana.

Rana tsaka muka ji su a baya.

"Ga sawunsu nan!"

Akwai wani kwazazzabo da ruwa ya taɓa ci. Muka gangara. Muka lafe a ƙarƙashin gaɓarsa, inda ƙasa ta yi rumfa. Na toshe wa Ladi baki. Takunsu ya zo har saman kanmu. Ƙasa ta zubo mana. Mutum uku ne, ko huɗu, suna haki kamar mu. A lokacin Sale ya fara kuka. Na ji shi a bayana, ƙirjinsa yana motsi. Amma kukan ba shi da ƙarfin da zai hau sama. Tun makonni muryarsa ta koma kamar ta ɗan kyanwa.

Ɗaya ya ce, "Ni ba zan iya ba kuma." Wani ya zage shi. Suka daɗe a tsaye. Takun ya koma gabas.

Ba mu motsa ba sai da azahar ta gota. Muka bi cikin kwazazzabon har ya kai mu wani busasshen rafi. Malam ya durƙusa yana tonon yashi da hannu. Na taya shi. Sai da hannu ya nutse har kafaɗa kafin ruwa ya tsattsafo. Kore ne, yana wari. Muka sha. Na tace wa yara da bakin zanena. Na wanke wa Malam kai, na yagi ɗankwalina na ɗaure.

Kafin la'asar Jummai ta fara zawo. Ruwa zalla. Na goge ta da yashi. Muka tashi. Ta sake yi. Na daina ƙirgawa.

Da magariba muka zube a gindin wata tsamiya. Malam ya yi taimama ya yi salla a zaune. Na jira ya shafa.

"Malam, ni ce."

Ya juyo min da kunnen dama. Na maimaita.

"Na sani," in ji shi. "Na ga yatsunki a jikin lakar."

Ya dubi Jummai a cinyata.

"Ta sha?"

"Ludayi biyu."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Yaron nan, kin san ɗan waye?" Na ce ban sani ba. A nan muka kwana.

Laraba. Muka tashi kafin rana. Ƙafafun Ladi sun tsage, tana taka gefensu. Gefen bakinta ya yi gyambo. In ta tofa yawu sai in ga jini. Muka wuce wani ƙauye, ƙofofi a buɗe, babu kowa. Muka wuce mushen saniya, fata da ƙashi, ungulu ma sun gama da ita.

Da hantsi muka tarar da wasu mata biyu suna tonon gidan tururuwa. Suna neman ƙwayar da tururuwa ta tara. Ba su ɗaga kai ba. Muka matsa gaba muka sami wani gidan. Malam ya tona da tsinken itace. Tururuwa ta rufe masa hannu. Abin da muka samu bai cika tafi ba, ƙwayar ciyawa da ƙasa. Na bushe ƙasar da baki. Na tauna na sa wa Sale a harshe. Na tauna na kai wa Jummai. Ta kawar da kai.

A nan na fara tsoro na gaske. Jiya tana cewa yunwa. Yau ba ta cewa komai.

Da rana muka hangi babbar hanya. Manyan motoci suna wucewa, shaƙe da buhuna. Ladi ta ce hatsi ne. Siminti ne. Ana ta gine-gine a birane a shekarun nan. Ba mu fita hanyar ba, Malam yana tsoron a gane shi. Muka bi gefenta daga nesa, muna jin ƙugin motoci yana zuwa yana wucewa.

Da la'asar kan Malam ya kumbura, idon hagu ya rufe. Ya fara tangaɗi. Ya faɗi sau biyu. Na ba Ladi Sale ta goya, ni na riƙe Jummai da hannu ɗaya, Malam da ɗaya. Fatar cinyar Jummai ta fara saɓulewa, baƙi yana tashi, ja yana fitowa. Duk inda na kama sai ta yi ƙara. Muka tsinci aduwa a gindin wata bishiya, busassu, muka tsotsa. Muka kwana na biyu a can.

Alhamis da hantsi muka shiga Yalwan Damai. Na ji karatun allo daga wani zaure, muryoyi kaɗan, a hankali. Na zauna a ƙofar gidan don ƙafata ta ƙi. Wata tsohuwa ta leƙo. Matar malamin gidan ce. Ba ta tambaye mu daga ina ba.

"Shigo da su, 'yar nan. Shigo."

Ta kawo kunun tsamiya, tsararo, ana ganin gindin ƙwarya. Ta ce a sha a hankali. Ladi ba ta ji ba. Ta kafa kai ta shanye. Ko ajiye ƙwaryar ba ta yi ba ya dawo duka. Ta zauna tana kallonsa a ƙasa tana kuka.

Tsohuwar ta ɗauki Jummai a cinya. Ta kai mata ludayi. Jummai ta datse haƙora. Ta lallashe ta, ta kira ta amaryarta, ta yi mata alkawarin alewa. Ba ta buɗe ba. Tsohuwar ta buɗe mata ido da yatsa, ta duba tafin hannunta. Fari fat.

"Kada ki kwana da ita a nan. Kai ta asibitin Birnin Kudu yau."

Mijinta ya fito ya duba kan Malam. Suka keɓe suka yi magana. Ban ji ba, amma na ga Malam yana nuna yadda tsani ya zame. Bayan azahar malamin ya raka mu bakin hanya. Ya tsayar da wata motar kasuwa, ya yi wa direba magana. Aka ɗora mu a baya, a kan itace.

Da la'asar sakaliya na hangi duwatsun Birnin Kudu. A tasha akwai mai shayi da rediyo tana kiɗa. Akwai mai tsire. Ladi ta tsaya cak a gabansa, sai da na ja ta.

Ban san akwai irinmu da yawa haka ba. Kowace bishiya a harabar asibitin da mata a gindinta. Kowace mace da yaro mai jan gashi. Babu mai kuka sosai. Tari ne kawai, da ƙudaje.

Wata nas ta zo. Ta ce wa Malam, "Baba, bi can a wanke maka kai." Ta karɓi Jummai ta ɗora a sikeli. Ta ɗora Sale. Ta dube ni.

"Tun yaushe ta daina ci?"

"Jiya."

"Kumburin fa?"

"Wata biyu."

Ta ba ni kofi da cokali. Madara ce da aka dama da ruwa. Ta ce kaɗan-kaɗan, in huta, in sake, kada in cika musu ciki. Sale ya karɓa. Ya kama cokalin da dasashinsa ya ƙi saki. Ni ma aka ba ni tuwo, aka ce in ci don nono ya dawo. Na ci ina kallon Jummai. Abinci ya zo gabanta, fari, mai ɗumi, babu mai hana ta. Ta ƙi buɗe baki.

Juma'a aka sa mata roba a hanci don a riƙa ba ta madara. Asabar zawo ya ragu. Lahadi da safe na ga ƙafafunta sun sace. Na yi murna. Na kira Malam ya gani. Nas ɗin ta zo ta duba, ba ta yi murna ba. Da kumburin ya tafi, babu komai a ƙarƙashinsa. Gwiwarta ta fi cinyarta kauri. Hannunta ya yi sanyi, na sa shi a hammatata, bai yi ɗumi ba.

Litinin, ana kiran azahar, ta buɗe ido. Ta ce, "Inna fa?" Na ce tana gida, tana jiranta. Ta mayar da ido ta rufe. Kafin a idar da salla ta cika.

Washegari Malam ya kai kansa wajen hukuma. Ya faɗi abin da ya faru da bakinsa. Bai ambaci sunana ba. An tsare shi har bayan kaka, sannan aka sake shi. A can ya ji sunan saurayin. Haruna. Daga wani ƙauye ta wajen Fagam. Ya bar mata da ciki.

Ba mu koma ba. Na yi aikatau a Birnin Kudu, ina daka wa mutane, har muka kafa bukka. Yaya Garba ya zo sau ɗaya. Shi ya faɗa min Inna ta rasu a ɗakinsa kwana goma sha ɗaya bayan fitarmu. Ya ce ɗan Hanne ma ya tafi. Bai yi maganar ranar ba, ni ma ban yi ba.

Malam bai sake ji da kunnen hagu ba har ya koma ga Allah. Ladi ta yi aure, ta haihu. Sale ya rayu. Bai yi tafiya ba sai da ya shekara uku, kuma duk sa'anninsa sun fi shi tsawo.

Jummai tana maƙabartar Birnin Kudu, ta wajen duwatsu. Babanta ne ya kai ta ranar, shi da wasu mutum uku da ba su san sunanta ba. A hannu ya ɗauke ta, cikin rabin zanena. Da aka sake shi na roƙe shi ya je ya duba min wurin. Ya je. Ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo ya zauna a bakin ƙofa, ya ce ƙananan kaburbura sun yi yawa, damina kuma ta bi ta kansu. Bai gane nata ba.

Shekararta huɗu da wata biyu.